Yadda Luba Dubai Ta Rufe Baki

Wata mata ce a Rijiyar Zaki, sunanta na yanka Lubabatu, amma in kika shiga unguwar kika ce Lubabatu kike nema, sai a yi ta kallonki. Ki ce Luba Dubai. Ko akuyar bakin layi za ta nuna miki gidan.

Dubai ɗin kuwa ta je, kada a yi mata ƙarya. Ta raka yayar babanta Umara tana tura ta a keken marasa lafiya, jirginsu ya yada zango a can na awa shida. Huɗu daga ciki barci ta sha a kan benci, ta yi matashi da jaka. Amma tun da ta dawo, shekara uku ke nan, ba a ƙara yin wata magana a gabanta ta ƙare ba Dubai a ciki ba. A ce ana zafi, ta ce, "Wannan ne zafi? Mu a Dubai..." A ce tumatir ya yi wuya, "Mu a Dubai..." Rannan ana zaman makoki a layin, sai da wata ta taka mata ƙafa, don har ta buɗe baki ta kai "Mu a..."

Kuma ba da muryar da Allah ya ba ta take faɗa ba. Sai ta toshe hanci, ta karya wuya gefe guda, ta lumshe ido ɗaya: "Habibtiii, mu a Dubaaai."

To bana sai ta wayi gari ta ce ita gwanar jan farce ce. Ba irin wanda ake shafawa a hura da baki ba. A'a, jel, wanda ake tura hannu cikin wata 'yar fitila mai shuɗin haske ya daskare kamar tangaran, ya yi sati biyu, uku, yana ƙyalli. Ta shiga Sabon Gari ta haɗo kayan aiki, ta kalli bidiyo huɗu a waya, uku ma ba ta kai ƙarshensu ba. Washegari ta buga kati.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakat. In ta shafa wa kanta, kwana biyu ba ya cika sai gefen ya fara ɗagawa, kamar ledar ɗakin da ruwa ya shiga ƙarƙashinta. Ya kama gashi, ya kama zaren mayafi. Sai ta kulle ɗaki ta ɓanɓare, ta sake shafa sabo. Shi ya sa kullum hannunta fes. 'Yan matan layi har suna cewa, "Anti Luba, wai ke kullum cikin fashin salla kike?" Ta ce su dai su ji da nasu.

Ana nan sai telan da yake haya a shagon ƙofar gidan Hajiya Barira ya tashi. Shago ne a bakin titi, da tayil, da gilas, ga inuwar darbejiya. Duk mai sana'ar mata a unguwar sai da ta haɗiyi yawu. Akwai wata yarinya Hansatu, da take lalle da jan farce a kan ɗan tebur a soron gidansu, ta riga ta je ta durƙusa ta roƙi Hajiya a ba ta. Luba na jin labari ta zari mayafi.

"Hajiya, wai da gaske Hansatu za ki ba wa shagon nan?"

"Ita ta fara zuwa."

"Haba Hajiya! Yarinyar da ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba? Shago irin wannan ai sai wanda ya ga duniya. Ni in na shafa jel, wallahi sati uku ko da guduma aka zo sai dai gudumar ta gaji. Balarabiyar da ta koya min har kuka ta yi ranar da zan taho."

Hajiya Barira ta dube ta ta saman tabarau. Mace ce da ba ta son doguwar magana, ga bikin 'yarta Zinatu saura kwana biyar.

"To ji nan, Luba. Zinatu ta dame ni sai an yi mata abin nan, kuma an yi sa'a satin bikin ba ta salla. Dangin angon 'yan Gusau ne, idonsu kamar allura. Ki yi mata ranar Alhamis da safe. In ya kai ranar Lahadi da za a kai ta bai motsa ba, mukulli naki ne. In ya motsa, na Hansatu ne."

"Lahadi? Hajiya, ki ce Lahadin suna!"

Ta fito tana taku ɗaiɗai. Tana shan kwana murmushin ya zube. Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Kwana huɗu. Ita da nata bai taɓa ganin rana ta uku ba.

Ta kwana biyu tana juyi. Wanda ya san maganin abin nan a unguwar mutum ɗaya ne, ita ce kuma wadda suke takara. Ta yaya Luba Dubai za ta je ta ce wa yarinyar soro koya min? Gara ta haɗiye fitilar. Sai ranar Talata dabara ta faɗo mata. Ta ci kwalliya, ta ɗora baƙin gilas, ta nufi soron.

Ta tarar Hansatu ta sunkuya tana goge wa wata mata farce, takunkumi a fuskarta irin na lokacin korona. Ita matar kuwa ta jingina da bango tana gyangyaɗi.

"Salamu alaikum, habibti. Wucewa zan yi na ce bari in leƙo in ga yadda ƙananan ma'aikata suke fama."

"Sannu da zuwa, Anti Luba. Ga kujera."

"A'a, ba zama zan yi ba. Wata 'yar jarrabawa zan yi miki, irin wadda ake yi mana a can. In kin ci kin ci." Ta gyara gilas. "Idan jel yana ɗagawa ta gefe, me aka manta?"

Hansatu ko ɗagowa ba ta yi ba. "Abubuwa ne da yawa, Anti. Amma yawanci rufe baki ne ba a yi ba."

"Rufe baki?"

"Eh. In ba a rufe baki ba, iska da danshi su dinga shiga, dole ya ɗaga. Kowane shafi aka yi sai an rufe. Sannan tun farko ma sai an tura fatar nan baya, a goge mai..."

"Ya isa, ya isa! Kin ci. Ashe kina ƙoƙari. Mu a Dubai tun ranar farko ake koyar da wannan."

To ku da ba ku san aikin ba, ku tsaya in gaya muku. Bakin da Hansatu take nufi bakin farce ne, can ƙarshensa inda ake yankewa. In an shafa jel a sama, sai a ɗan ja buroshin a kan kaifin bakin ya lulluɓe shi, don kada ruwa ya sami ƙofar shiga ƙarƙashi. Shi ke nan sirrin. Takunkuminta kuwa saboda garin farce ne da yake tashi yana shigar mata hanci.

Amma Luba me ta gani? Ta dubi Hansatu, baki a rufe da ƙyalle. Ta dubi matar da ake yi wa, baki a rufe gum. Ta tuna ita duk ranar da za ta shafa wa kanta, waya tana maƙale a kunnenta tana zuba. Iska da danshi! Ashe iskar baki ce take ɗaga mata aiki! Saura kaɗan ta yi guɗa a soron mutane.

Daga nan kemis ta wuce, ta sayi takunkumi kwali guda.

Ranar Alhamis da hantsi ɗakin amarya ya cika maƙil. Ƙawaye goma sha ɗaya, wannan tana guga, wannan tana neman ɗan kunnenta, waccan tana ba da labarin abokin ango mai sanƙo, kowa na magana ba mai sauraro. Zinatu tana tsakiyar gado. Sati biyu ana murza ta da dilka, jiya an zana mata lalle, tun daren kuma ake bin hannun da mahallabiya da man zaitun don lallen ya yi baƙi. Hannun nan santsi kamar tarwaɗa. In ka riƙe shi sai ya suɓuce.

Luba ta shigo da akwatinta ta dire.

"Yalla, yalla! Kowa ta karɓi ɗaya ta ɗaura."

Babbar ƙawa, wata Shamsiyya mai baki kamar reza, ta ɗaga takunkumin da yatsa biyu. "Anti Luba, cutar ce ta dawo ba mu ji ba?"

"Jahilci dai ya dawo. Wannan ƙa'idar aiki ce. Daga lokacin da na buɗe kwalbar nan har in rufe ta, ba magana, ba dariya, ba tari. Duk wadda iskar bakinta ta taɓa farcen amarya, ita za ta yi wa Hajiya bayani."

"Ikon Allah. Tun ba a kai ta ba an fara sayen baki?"

"Shamsiyya, ɗaura ko ki fita."

Suka ɗaura. Mata goma sha biyu da amarya a ciki, sun jeru idanu kawai ake gani, kamar jakunan da aka bi da su ta gonar dawa. Luba ta ɗaura nata, har biyu ta haɗa don ta san halinta. Ɗaki ya yi tsit. Wata maƙociya da ta saba jin hayaniyar gidan har ta leƙo ta taga ta ga ko lafiya.

Aka fara aiki. Luba ta kama hannun amarya ta ga yana sheƙi da mai, ta gyaɗa kai, a ranta ta ce ai wannan ma ƙarin ƙyalli ne. Ba ta goge ba, ba ta tura fatar gindin farcen baya ba, ba ta ɗan karce saman ba. Ta tsoma buroshi ta kwaso jel ja wur, ta lafta. Ita fa ba ta rowa. Hansatu ce take shafawa siriri-siriri kamar mai tsoron kwalba ta ƙare. Jel ya malala ya hau fata hagu da dama, ta bi shi da ido ta bar shi. Bakin farcen kuwa ko kallonsa buroshi bai yi ba.

Ta tura hannun cikin fitila. In jel ya yi kauri, zafi yake yi sosai in yana daskarewa. Zinatu ta zabura.

"Anti Luba, zaf..."

"MM!"

"Amma yana ƙo..."

"MM-MM!" Luba ta zare ido, ta nuna takunkumin, ta nuna farcen, ta ja yatsa a wuyanta.

Amarya ta haɗiye, hawaye ya cika mata ido. Ƙawaye suka ɗauka kukan rabuwa da gida ne, biyu daga ciki suka taya ta, a shiru.

Can wata ta yi atishawa a ƙuryar ɗaki. Luba ta juya a hankali ta kafe ta da ido har yarinyar ta sunkuyar da kai. Sannan ta ƙara wa duk yatsun shafi guda, don rigakafi.

Wayar amarya ta hau ruri, ango ne. Ta yi ta gaji, ta sake. Shamsiyya ta ɗaga ta kara a kunne ta ce, "Mm." Aka ji muryarsa yana cewa, "Halo? Zinatu? Lafiya?" Ta ce, "Mm-hm." Ta kashe. Kafaɗun 'yan ɗakin duka suka hau rawa, dariya tana cin su ba halin fitarwa.

Hajiya Barira ta turo ƙofa. "Wai ina mukullin akwatin... Subhanallahi! Me ya same ku?"

Luba ta miƙe zumbur, ta tare ta da hannu biyu kamar mai korar kaji, ta tura uwar biki waje da baya da baya, ta mayar da ƙofa.

Amma duk ɗakin ba wadda ta sha wuya kamar Luba. Matar da ko a barci takan yi magana! Labarai suka taru mata a maƙogwaro suna turereniya. Ta ga labulen ɗakin, ta tuna irinsa a Dubai, ba dama. Ta ga takalmin amarya, ba dama. Gumi ya jiƙa takunkumi biyu. Jijiyar wuyanta ta tashi. Ta daure, tana hango tayil da gilas da inuwar darbejiya.

Awa biyu cur. Da ta rufe kwalbar ƙarshe ta fizge takunkumin, maganar awa biyu ta fito cikin minti biyar, ba waƙafi.

Faratan kuwa, a gaskiya, sun yi ƙyalli. Sun yi tudu dai, kamar an kifa wa kowane yatsa rabin dabino, amma ja ne mai ɗaukar ido, ga baƙin lalle a ƙasa. Ƙawaye suka yi ta ɗaukar hoto. Hajiya ta duba ta ce, "To, ba laifi. Allah ya kai mu Lahadi."

"Hajiya, ki fara cire mukullin daga cikin 'yan'uwansa kawai."

Bayan la'asar aka yi kamu a ƙofar gida. An kafa rumfuna, an jera kujeru, dangin ango sun iso mota uku daga Gusau, a gabansu Gwaggo Tabawa, yayar uban ango, doguwa mai murya kamar ganga. Mai sanarwa wata Jummala ce, tana riƙe da makirfo. Luba ta riga ta ja ta gefe ta raɗa mata abin da za ta faɗa, don haka duk bayan minti biyar sai a ji: "Jama'a a kalli hannun amarya da kyau! Aikin Luba Dubai ne, ƙwararriya daga ƙasar waje, ga ta can mai koren leshi!" Luba ta ɗaga hannu tana juya shi kamar matar gwamna.

Ana shirin fito da amarya, Zinatu ta yafito ta.

"Anti Luba, wannan kamar yana kama min zare."

Luba ta duba. Gefen ɗan manuni ya ɗaga kaɗan. Na kusa da shi ma. Ta danna su da babban yatsa da ƙarfi.

"Idonki ne, habibti. Numfashi yake yi. Ki dai dunƙule hannun."

Aka lulluɓe amarya da wani mayafin raga mai duwatsu, tun daga kai har gwiwa, aka zaunar da ita a tsakiyar fili. Dangin ango suka yi ciniki da ƙawaye, aka ja, aka daidaita. Duk wannan lokacin Zinatu tana ciki, ga zafi, ga kunya, ta rufe fuska da tafukanta, tana cukuikuye ragar da yatsu goma. Kowane gefe da ya ɗaga ya sami ramin da zai shiga.

Gwaggo Tabawa ta taso da kwalbar turare a hannun hagu, ta kama gefen mayafi da dama.

"Bismillahi. Bari mu ga abin da muka zo ɗauka."

Ta ja. Mayafi ya ƙi.

"A'a! Amaryar tamu akwai kunya. Saki mana, 'yar nan."

Ta sake ja. Ya ƙi. Aka yi dariya, masu hoto suka matso. Gwaggo ta miƙa wa wata turaren, ta sa hannu biyu, ta fizga.

Fyat!

Mayafi ya taho. Gwaggo ta ɗaga shi sama tana shirin guɗa, sai ta ga wasu abubuwa ja jawur suna reto a jikin ragar kamar barkonon da aka shanya. Ta dubi hannun amarya. Farata fari fat, tsirara. Ta sake duban mayafin.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na cire wa 'yar mutane farata! Jama'a jini! Wayyo na shiga uku!"

Ta yarfar da mayafin tana karkaɗe hannu. Fili ya hargitse. Wata ta ce a kawo ruwa, wata ta ce a kawo mota, wata tsohuwa ta fara salati da ƙarfi. Mai kiɗa ya kashe na'ura. Hajiya Barira ta keto taro ɗankwali a hannu. Ita kuwa amarya tana ta cewa a hankali, "Gwaggo, ba zafi. Wallahi ba zafi," ba mai jin ta.

Da wata ce a nan, da ta sulale ta bi ta bayan rumfa. Ban da Luba. Ta yi wuf ta karɓe makirfo daga hannun Jummala, ta toshe hanci, ta karya wuya.

"Jama'a a kwantar da hankali! Habibti Gwaggo, ba jini ba ne. Wannan shi ne sabon yayi. Mu a Dubai yanzu shi ake yi. Mai cirewa ne! In lokacin salla ya yi ki zare abinki, ki yi alwala, ki mayar. Da gangan na yi!"

Fili ya ɗan lafa. Har wasu suka fara cewa, "Kai, amma Larabawa da dabara." Gwaggo Tabawa ta sauke numfashi, ta goge ido da haɓar zani, ta ƙare wa Luba kallo tun daga ɗauri har takalmi.

"A zare a mayar?"

"Ƙwarai."

"To mayar mata mu gani."

Luba ta matsa kusa da amarya. Ta tsuguna, makirfo a hammata, ta ɓalle ɗaya daga jikin raga ta ɗora a farcen amarya, ta danna. Ta saki. Ya zame ya faɗa cinya. Ta sake ɗorawa, ya sake zamewa. Ta juya baya kaɗan ta lasa cikinsa, ta manna. Ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya faɗo ƙasa, ƙwas.

"Na babban yatsa kike sa wa ƙarami," in ji Shamsiyya.

Hajiya Barira ta kawar da kai daga kan Luba. Ta waiga. "Ina Hansatu? Zo nan."

Hansatu ta taso daga kujerun baya tana gyara mayafi. Ta ɗauki ɓawon da ya faɗi, ta juya cikinsa, ta shafa da yatsa. Yatsan ya fito yana sheƙi.

"Anti Luba, a kan mai kika shafa? Ai sai an goge maiƙon tas da auduga da sifirit. Kuma ya yi kauri, ya hau fata." Ta duba ƙarshensa. "Ga shi bakin ma ba a rufe ba."

Nan fa Luba ta miƙe. Duk sauran za ta iya haɗiyewa, ban da wannan. Wahalar awa biyu! Ta manta makirfo yana kunne, ta kai shi baki.

"Ƙarya kike yi! Wallahi na rufe! Baki goma sha uku na rufe da nawa! Takunkumi kwali guda na saya! Awa biyu ko tari ba a yi a ɗakin nan ba, atishawa ɗaya ce, ita ma na ƙara shafi! Shamsiyya, na rufe ko ban rufe ba?"

"Wallahi ta rufe," in ji Shamsiyya. "Har yanzu bayan kunnena zafi yake. Ango ma da ya kira, gurnani na yi masa."

Hansatu ta tsaya tana kallonta, baki sake. Sannan ta ɗaga ɗan yatsanta, ta shafa kaifin ƙarshen farcen. A hankali ta yi maganar, amma makirfo yana kusa, lasifika huɗu suka kai ta har bakin titi.

"Anti... bakin farce fa."

Shiru. Irin shirun da ko a ɗakin amarya ba a samu ba.

Shamsiyya ce ta fara. Wani ƙara ta yi kamar an taka kyanwa, ta zube a kan tabarma. Sai rumfar ƙawaye ta ɗauka, ta dangin amarya ta karɓa, 'yan Gusau da sai da aka yi musu bayani suka zo daga baya suka fi kowa. Gwaggo Tabawa ta dafa kujera tana cewa, "Wayyo cikina! Ta sa musu takunkumi! Wayyo za ta kashe ni!" Amarya da aka ce kada ta yi ko murmushi ta kifa kai a cinya, bayanta yana girgiza. Mai hoto ya kasa riƙe kyamara.

Hajiya Barira ta buɗe jaka, ta zare mukulli ɗaya daga cikin 'yan'uwansa, ta sa a tafin Hansatu.

"Gobe da safe ki zo ki gyara mata kafin walima." Ta juya. "Ke kuma Luba, mayafin nan na aro ne. Zauna ki tsince kayanki, kada ki ja min zare ko ɗaya."

Haka Luba Dubai ta zauna dirshan a tabarma, a tsakiyar fili, cikin koren leshi, tana tsintar ɓawo daga raga kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta tara a tafin hannu. Ta ƙirga, tara. Ta karkaɗe mayafi, ta duba ƙarƙashin tabarma, tara dai.

Jummala da makirfonta ya dawo hannu ta leƙo, ta ƙirga da ita, ta gyara murya.

"Sanarwa, sanarwa! Jama'a kowa ta duba jikinta da farantinta. Duk wadda ta tsinci farce guda, ja, a taimaka a kawo wa Luba Dubai, ga ta nan zaune. Saura ɗaya kayanta su cika."

Aka shiga dube-dube ana dariya. Can daga layin gaba, cikin manyan baƙi, kakar ango ta ɗaga hannu. Tsohuwa ce tukuf, haƙoranta ba su fi huɗu ba, tun ɗazu bakinta yake motsi. Ta sa yatsa biyu ta zaro wani abu daga kunci, ta ɗaga shi saitin ido, ta juya shi.

"Wai wannan? A cinyata na tsince shi." Ta miƙo wa Luba shi, jiƙe sharkaf. "Ungo, 'yar nan. Ni dai tun ɗazu nake cewa wannan goro na Dubai ba ɗaci, ba ya kuma taunuwa."